Jan Ƙyallen Jarka

Shafi na 23

Masu cika min waya da saƙo tun da safe wai na cika jan rai, to ga shi nan. Sai dai ku sani, ni da na rubuta ma ban ji daɗinsa ba. Wadda ta ce in tausaya wa Mai Wanki kuma, ki yi haƙuri 'yar'uwa, ba ni na kulle shi ba.

* * *

Kwana tara ke nan da binne Ƙarama, amma har yau Uwar Biyu kowa yake ce mata. Ita ma amsawa take yi. To me za ta ce? A rage ɗaya?

Ba ta yi kuka ba. Mata sun zo sun zauna, sun riƙe mata hannu suna jiran hawayen ya zo, da suka gaji suka koma gidajensu suna cewa abin ne ya yi mata yawa. In an ba ta abinci ta ci. In an ce ta kwanta ta kwanta. Keken ɗinkinta yana nan yadda ta bar shi, da rabin rigar wata a ƙarƙashin allura, tun ranar Asabar ɗin da mutanen gari suka sha ruwan tanki suka fara zubewa. Sama da mutum arba'in aka kwasa zuwa asibiti. Uku ba su dawo ba: tsohon mahauci, jaririn matar direba, da Ƙarama, 'yar shekara shida.

Gari kuwa bai sha wahalar neman mai laifi ba. Mai Wanki mana. Rumfarsa ce a jikin tankin, shi ne mai kwalaben farin maganin cire dauɗa, kuma ba a nan aka haife shi ba, duk da ya shekara ashirin yana goge musu riguna. Tun ranar aka kulle shi a ɗakin ajiya na makaranta, wai don kar samari su kashe shi. Yau bayan la'asar za a taru a ƙofar gidan Mai gari, a miƙa shi ga 'yan sanda da sunan shi ya sa wa gari guba.

Da yake babu Mai Wanki, kaya sun taru. Shi ya sa da hantsi ta jawo baho tsakar gida ta zauna wanki. Babba, 'yar biyun da ta rage mata, tana gefe tana juya marfin kwalba a ƙasa. Ita ma tun da aka fita da 'yar'uwarta magana ta ɗauke mata.

Riga ta uku ta maigidan ce, wadda ya sa ranar Asabar ɗin. Ta sa hannu a aljihu kamar yadda ta saba kafin ta jiƙa.

Ƙyalle ne. Ja, a ƙulle.

Ta juya shi. A bakinsa akwai ɗinkin baƙin zare, an gicciya shi sau uku.

Ɗinkinta ne.

A garin nan ba a yar da jarka. Wadda aka zuba mai, wadda ake ɗebo ruwa, wadda ake dama maganin feshin gona, duk iri ɗaya ne, ko mai su ba ya bambance su da ido. Dabarar da kowa ke yi ita ce a ɗaura jan ƙyalle a hannun ta feshi. In ka ga ja, ka san mutuwa ce a ciki. Mijinta kuwa, da yake shi ne Mai Tanki, jarka biyu ce a ɗakin kayansa: ɗaya ta maganin tsabtace ruwa da yake zubawa a tanki duk Asabar, ɗaya ta feshin gonarsa. Dukansu in an dama fari ne fat. Ita da kanta ta yanko ƙyallen nan, ta yi masa baƙin zare don kar ya ɓace cikin tsummokara, kuma ita ta ɗaura shi da hannunta.

"Babba, tashi ki je gidan Gwaggo ki zauna. Kar ki dawo sai na aiko."

Yarinya ta ɗauki marfinta ta fita.

Ta miƙe, kumfa na ɗiga daga hannunta, ta tura ƙofar ɗakin kayan.

Jarka biyu a jingine da bango. Babu ƙyalle ko a ɗaya. Ta ɗaga ta dama, da nauyi, ta buɗe ta shinshina, maganin ruwa ne, ko taɓa shi ba a yi ba. Ta ɗaga ta hagu, wayam.

Ba ta ji komai ba. Wallahi ba ta ji komai ba. Tsayawa kawai ta yi tana kallon layin tururuwa da ke hawa bango, har ta ji sallamar mijinta a tsakar gida.

Ya leƙo. Kwana taran nan sun cinye shi, wuyan rigarsa har ya yi masa yawa.

"Uwar Biyu, me kike nema a nan?"

Ta buɗe masa tafin hannunta.

Bai yi mamaki ba. Bokiti ya jawo ya kifa ya zauna a kai, kamar wanda ya daɗe yana jiran a kira sunansa.

"Malam, kai ne?"

"Ni ne."

"Ta hagu ka ɗauka."

"Ita na ɗauka."

"Ba ka ji wari ba?"

"Mura nake yi ranar, kin manta? Ke kika ce in sha magani kafin in fita."

Ta gyaɗa kai. Ta tuna.

"Yaushe ka gane?"

"A asibiti."

"Yau kwana tara."

Ya kawar da kai.

"Kwana tara, Malam. Mai Wanki, dattijo da shi, yana kwance cikin karyayyun benci. Kana cikin kwamitin bincike. Da kai aka zauna aka ce shi ne."

"Ni ban ce shi ne ba."

"Ba ka kuma ce ba shi ba ne."

Muryarta ba ta tashi ba. Yadda take tambayar mai kawo ɗinki tsawon hannun riga, haka take tambayarsa.

"Me ya sa ka kwance ƙyallen?"

"Ban kwance ba."

"To aljani ne ya kwance ya sa maka a aljihu?"

"Don girman Allah ki bar maganar nan. Ni na zuba, ni na kashe 'yata. Bai isa ba?"

"Wa ya kwance?"

"Uwar Biyu..."

"Wa ya kwance?"

Ya dubi ƙasa. Sannan ya ce, can ƙasan maƙoshi, "Duba ƙullin."

Ta matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ƙulli ne irin wanda ake yi a gaggauce, ba irin wanda ta yi wa hannun jarka ba. A tsakiyarsa silin gashi ne guda uku ko huɗu, sirara, masu laushi. Gashin yarinya.

"Tun a mota yake gabana," ya ce. "Ina rungume da ita, kanta a nan kafaɗata, duk ramin da mota ta faɗa sai ƙyallen ya shafi kumatuna. Tun daga tasha har asibiti ina kallonsa ban gane shi ba. Sai da likita ya ce sai haƙuri, na sunkuya zan rufe mata fuska, sannan na ga baƙin zaren. Na zare shi na sa aljihu."

Nan safiyar ta dawo mata tiryan-tiryan, ba abin da ya ɓace.

Kitson Ƙarama ya warware ta baya. Wata da ta kawo ɗinki tana tsaye a bakin ƙofa tana cewa mota za ta tashi ta bar ta. Kwandon tsummokara ba komai a ciki, don a jajibirin ranar ta juye wa matar direba duka, ta cusa wa jaririnta matashi. Ƙafarta na kan keke, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Babba, yi sauri nemo min ƙyalle in ɗaure wa ƙanwarki kai."

Yarinya ta ruga a guje. Ta dawo da ja.

Ta karɓa ta ɗaure, idonta na kan allura.

"Yauwa, 'yar albarka," ta ce mata.

Haka ta ce mata fa. 'Yar albarka.

Ta sulale ta zauna a dandariyar ƙasa, bayanta jikin jarkar da babu komai a ciki.

"Babba ta sani?"

"Ta san me? Ƙyalle aka ce ta kawo, ta kawo."

"Shi ya sa ka yi shiru."

"In na ce ni ne, maganar ƙyalle za su fara yi. Duk garin nan wa bai san ni da ƙyalle ba? Ni nake bi gida-gida ina yi wa mutane faɗa a kansa. Kuma rabin matan unguwa sun ga Ƙarama a bakin famfo da shi a kanta. Matar direba har tsokanarta ta yi, wai yau kuma an sha gayu. Wuni ɗaya ya ishe su su haɗa maganar. Kin dai san mutanenmu. Yarinyar nan za ta girma, ta gama makaranta, ta yi aure, ta tsufa, ana nuna ta da baki, ga wadda ta kashe 'yar'uwarta."

"Don ita ka yi ke nan."

Ya cire hula ya share fuska da ita.

"Ba zan yi miki ƙarya ba. Sau biyu ina zuwa ƙofar Mai gari da niyyar in ce ni na cire na manta ban mayar ba. Sau biyun ina tarar da direba a zaune a wurin, idonsa jawur. Sai in gaishe su in wuce. Don ita ne, don ke ne. Amma tsoro ma nake ji, Uwar Biyu. Wallahi tsoro nake ji."

Ya kifa kai a gwiwa ya fashe da kuka, ƙaton mutum, kafaɗunsa na rawa.

Ta zuba masa ido. Ta laluba ranta ta nemi tausayi ba ta samu ba, ta nemi haushi shi ma babu. Kumfar hannunta ta bushe ta bar fari-fari a tsakanin yatsu, ta shiga kankare ta da farce.

"Mai Wanki fa?"

"Ba su da shaida. Ƙila a sake shi."

"Ƙila."

"In an kai shi can ai za a bincika..."

"Shekararsa nawa, Malam? Mutumin da ko guga yake yi sai ya huta sau biyu kafin ya gama riga ɗaya. Kana ganin zai kai ranar da za a gama binciken?"

Ta dafa bango ta miƙe. Ya ɗago a firgice ya kama gefen zaninta.

"Me za ki yi?"

"Wanki zan ƙarasa."

Ta kuwa ƙarasa. Ta cuɗa, ta ɗauraye sau biyu, ta matse, ta shanya har da rigar tasa. Ta zubar da ruwan a magudana ta kife baho. Ta yi azahar, ta zauna a kan sallaya har aka kira la'asar, ba ta roƙi komai ba don ba ta san abin da za ta roƙa ba. Sannan ta ƙulle jan ƙyallen a bakin mayafinta ta fita.

* * *

Gari kaf ya kwashe ya koma ƙofar Mai gari. Mai shayi ya rufe teburinsa, mai faci ya bar taya a buɗe a gefen titi, har injin niƙa an kashe. Maza a kan tabarmi, mata can baya jikin katanga, samari kuma a kan katangar suna lilo da ƙafafu. Motar 'yan sanda tana ƙarƙashin bishiya. Mai Tanki yana bencin gaba cikin 'yan kwamiti, kansa a ƙasa.

Da ta iso mata suka buɗa mata hanya. Matar direba ta matsa ta ba ta wuri kusa da ita, ta kamo hannunta ta matse.

"Yau dai za mu ga ƙarshensa," ta raɗa mata. "Ni da ke ne muka san abin da ya yi mana."

Uwar Biyu ta ce, "Uhm."

Aka fito da Mai Wanki.

Rigarsa ta fara gani. Shekara ashirin ba wanda ya taɓa ganin mutumin nan da riga ba guga, yau ga ta duk ta cukurkuɗe, da yanar gizo a kafaɗa. Samari suka ɗauki ihu. Wani ya jefo takalmi, bai same shi ba.

Ta gaban mata aka biyo da shi. Da ya zo daidai inda take sai ya ja ya tsaya, ya ɗan rusuna.

"Uwar Biyu, ya haƙuri? Ba a bar ni na zo gaisuwa ba."

Matar direba ta tofar da yawu.

"Kayan makarantar yaran suna rumfa," ya ce, "ƙarƙashin tebur, cikin leda. Tun ranar Juma'a na goge. Guda biyu ne. A aika a ɗauko kafin a ƙona wurin."

Aka fizge shi aka yi gaba.

Mai gari ya ɗaga hannu, hayaniya ta lafa. Ya yi addu'a ga waɗanda suka rasu, ya ambace su ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan Ƙarama mata suka juyo suna kallonta, ita kuma tana kallon ƙeyar mijinta.

"Jama'a, kwana tara muna bin maganar nan. Kwamiti ya zauna sau uku. Mai Tanki ya ce shi dai yadda ya saba haka ya yi. Ba kuma wanda ke ajiye magani kusa da tanki sai wannan bawan Allah. Mu ba alƙalai ba ne, ga masu aikin nan sun zo. Kafin in miƙa shi, akwai mai magana?"

Tambaya ce ta cika baki kawai, ba a sa ran wani zai amsa.

Ta ba wa mijinta lokaci. Ƙeyarsa ba ta motsa ba.

Sai ta zare hannunta daga na matar direba.

Tun a bakin baho ta gama shirya abin da za ta faɗa, kalma uku ce rak: ni na kwance. Ba ƙarya ba ce can-can. Ita ta aika, ita ta karɓa, ita ta ɗaure. In jifa ne su jefe ta, in kora ce su kore ta, ba ta jin akwai inda ya rage a jikinta da zai ji zafi. Dattijo zai koma rumfarsa, Babba kuma ta girma ba mai nuna ta.

Ta ratsa tsakanin tabarmi, maza suna janye ƙafafu suna kallon juna.

"Ranka ya daɗe, ina da magana."

"Uwar Biyu, koma ki zauna. Mun san abin da ke ranki, za a bi miki hakkinki."

"Ba shi ba ne."

"Me kika ce?"

"Na ce ba Mai Wanki ba ne."

Ta kwance bakin mayafinta, ta ɗaga ƙyallen sama yadda har na kan katanga za su gani. Ba wanda ya nemi a yi masa bayani. Duk wanda ke wurin yana da irinsa a gida.

"Na jarkar gidanmu ne, ta feshi. An kwance shi ranar Asabar da safe. Maigidana ya shiga ya ga ba ƙyalle, ya ɗauka ya zuba a tanki, a zatonsa ta maganin ruwa ce."

Mai Tanki ya ɗora hannu biyu a ka. 'Yan kwamitin da ke gefensa suka fara matsawa. Direba ya miƙe tsaye a hankali daga kan tabarma.

"Yarinya," Mai gari ya ce, "kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"An kwance, kika ce."

"Eh."

"Wa ya kwance?"

Ta buɗe baki.

Ba ta san Gwaggo ta taho da yarinyar wurin ba. Ba ta ga lokacin da ta zame daga hannun Gwaggo ta biyo ta cikin tabarmi ba. Ji kawai ta yi ana jan zaninta ta ƙasa.

Babba ce, kanta a sama, idonta a kan ƙyallen. Fuskarta a washe, karo na farko cikin kwana tara. Da ƙarfi ta yi maganar, irin ta yaron da yake so kowa ya ji aikin kirkin da ya yi.

"Inna, ga ƙyallen Ƙarama! Ni na kwanto mata a jarkar Baba, ko Inna? Har kika ce min 'yar albarka!"